"To" Ɗin Saje

SHAFI NA 19

Sallama gare ku masu bibiya. Jiya ban leƙo ba, ƙaramin nawa ne haƙora suka sa a gaba, ban ga ta waya ba. Masu cewa Maman Janar ta tattara ta bar gidan nan, na ga saƙonku. Ku karanta wannan tukuna.

* * *

Jakar tana ƙarƙashin teburin ɗinki, Maman Janar ta lulluɓe ta da ragowar yadi. Ba wani abu mai yawa a ciki. Rigunan yaron ne, da maganin zazzaɓi, da ƙaramin bargonsa da ba ya barci sai da shi, sai kayanta kala biyu a can ƙasa. Duk lokacin da ta taka keken ɗinki sai ƙafarta ta taɓa jakar.

Tun shekaranjiya ba ta sauke Janar daga bayanta ba sai in ƙofa na kulle.

Shekaranjiyan nan tana kan wani ɗinki na gaggawa, janareton maƙwabta yana ta ruri, ta ce wa mijinta Saje ƙofar waje a buɗe take, ya sa ido a kan yaron. Ya ce, "To." Da kunnenta ta ji. Ba a jima ba sai ƙarar birki, irin ta manyan motocin barikin nan. Yaron da ko shekara biyu bai cika ba yana tsakiyar titi da takalmi ƙafa ɗaya. Mai shagon tsallake ce ta yi ta maza ta fizgo shi.

Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne, Saje ya riga kowa fita. Ƙarar birkin ya ji ta sarai. Maganarta ce bai ji ba.

Daga baya dangi suka yi mata caa, a waya da a baki, wai uwa ta zauna tana neman kuɗi ɗa yana yawo a titi. Shi kuwa da ya ce to, ya sunkuyar da kai, ko uffan bai ce ba. Ya bar ta ta sha zagin ita kaɗai.

Da hantsi mai shago ta shigo karɓar rigarta. Ta gwada, ta juya gaban madubi, ta yaba hannu, ta yi wa Janar wasa. Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya tana murza ledar da ke hannunta. Maman Janar ta san irin wannan tsayuwar, akwai magana.

Matar ta fara da rantsuwa cewa ita ba mai haɗa faɗa ba ce, kuma da ba don tana ganin girman gidan ba da ta bar abin a cikinta. Sannan ta rage murya.

"Mijinki in ya zo sayayya, ba ya kallon kaya, ba ya kallon canji. Bakina yake kallo."

"Bakinki?"

"Ƙur. Ko ƙiftawa babu. Ni fa har jan baki na daina shafawa, maigidana ya fara tambayata ko an yi mana rasuwa ne."

Ta yi 'yar dariya don ta rage wa maganar nauyi, amma Maman Janar ba ta taya ta ba. Matar ta ƙara da cewa ranar nan ma har roƙonta ya yi ta kashe rediyon shagon, wai yana son ya ji muryarta da kyau. A gaban masu sayayya fa.

Maman Janar ta yi mata godiya, ta raka ta, ta murza makulli.

Ta dawo ta zauna gaban keken ba ta taka ba. Biri ya yi kama da mutum. In an kira shi a waya yanzu, ba ya ɗauka a gabanta. Sai ya shige uwar ɗaki, ya kashe fanka, ya rufe taga, ya turo ƙofa. Wani lokacin ma ya ƙi ɗauka, ya ce a turo saƙo. Gidan biki ya daina zuwa. In abokansa suka taru suna hira sai ya yi ta murmushi kamar baƙo, can ya zame. Ita kuma a gida, ko me ta ce, amsar ɗaya ce. To. To. To.

Da can ba haka yake ba. Mutumin da kan zauna kusa da kekenta yana tsinke mata zare, yana kiranta Tela, yana musu da ita a kan komai har farashin maɓalli. Tun da nakiya ta tashi da motarsu a bakin daga ya dawo da tabo a bayan kunne, aka mayar da shi aikin sito kafin ya warware, aka yi mata musanyen miji.

Da farko ta ɗauka kunnen ne. Ita ta matsa suka je asibiti. Tana tsaye bayan gilashi aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ɗora masa abin ji, aka ce duk sanda ya ji ƙara ya danna. Ya danna duka, har waɗanda likita ya ce sauro ma ya fi su ƙarfi. Likitan ya ce kunnuwa lafiya lau, a gode wa Allah.

To in kunne lafiya, me ya rage? Kunnen uwar shegu ke nan. Ko dai zuciyarsa ta bar gidan nan ta tsallaka titi, ko kuwa ya daina damuwa da wanda ya rayu da wanda ya mutu a cikinsa. Ko wanne ne, ba za ta zauna ta jira birki na biyu ba.

Amma ita ba mai yanke yadi ba ta auna ba ce. Ta ce sai ta gwada shi tukuna.

Ya dawo bayan azahar. Babu wuta, unguwar shiru, ko janareton maƙwabta bai tashi ba. Janar ya yi barci, ta kwantar da shi a kan doguwar kujera ta tare shi da filo. Saje ya yi sallama, ya sunkuya ya shafa kan yaron a hankali, ya zauna yana kwance igiyar takalmi.

Ta zaga ta bayansa, ta tsaya can wajen ƙofar kicin. Da muryar da ba ta fi raɗa ba ta ce akwai shayi a filas.

Bai juyo ba ya ce ya sha a wurin aiki, sai dai ruwa.

Ta ɗauki maɓalli ɗaya daga aljihun rigarta ta sake shi a ƙasa. Ɗan ƙaramin maɓalli, na rigar jarirai.

"Wani abu ya faɗi," ya ce. "Ya gangara ƙarƙashin kabad."

Ranta ya yi baƙi ƙirin. Mutumin da ke jin faɗuwar maɓalli. Ta kawo masa ruwan ta dire a gabansa, har ya ɗan fantsalu.

Ana haka aka kawo wuta. Fankar sama ta fara juyi da ƙarar nan tata ta tsufa, firij ya ɗauka, talabijin ɗin maƙwabta ya ratso bango. Ta koma mazauninta, ta ba shi baya kamar kullum, ta kwashi fil ta jera a leɓenta kamar kullum, ta tura yadi ƙarƙashin allura, ta taka.

Keken ya ɗauki kuka.

Cikin ƙarar, ba tare da ta ɗago ba, ta ce mai shago tana gaishe shi.

"To."

Ta ciji fil ɗin. Ta ce mai shago ta ce ya daina kallon bakinta.

"To."

Ƙafarta ta ɗan sassauta. Ta saci kallonsa ta madubin gwaji da ke jingine a bango. Yana shan ruwansa. Ko gezau. Ba irin zaman mai laifin da aka kama ba ne, ba kuma irin na marar kunya ba. Ta sake takawa.

Ta ce ta sayar da takalmansa na fareti, ta sayi zare da kuɗin.

"To, ba laifi."

Takalman da ko Janar bai isa ya taɓa ba. Ta ce a ranta ko dai ya gano gwada shi take, yana mayar mata da wasan ne? Sojoji ai sun iya ɓoye fuska. Ta ƙara wa keken wuta, ƙafarta ɗaya a kan jakar, ta faɗi wadda ta kwana biyu tana juyawa a ƙirjinta.

"Zan tafi da Janar gidanmu. Ba zan dawo ba."

Ta madubi ta ga ya ɗago. Ya kalli ƙeyarta. Ya ɗan jira, kamar mai lissafi. Sannan ya yi murmushi, murmushin nan da yake yi wa abokansa kafin ya zame.

"To, Tela. Allah ya taimaka."

Ta ɗage ƙafarta. Keken ya yi shiru.

Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa rantsuwa, ta shirya har da ya ce ta tafi ɗin. Wannan ce ba ta shirya mata ba. Ta zare fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke a matashinsu, ta miƙe ta kashe fanka, ta rufe tagar da ke kallon maƙwabta. Ta zo ta tsaya a gabansa.

Idonsa ya sauka a kan bakinta. Ƙur. Ko ƙiftawa babu.

"Baban Janar, me na ce?"

"Yaushe?"

"Yanzu. Da ka ce Allah ya taimaka."

Ya taɓa kofin, ya gyara masa zama. Ya ce ai ɗinkin ne, ta ce za ta kai ɗinkin, ko ba haka ba? Ta girgiza kai. Ya ce to kasuwa, za ta je da Janar kasuwa. Ya faɗe shi da sauri, yana leƙen fuskarta ya ga ko ya dace, kamar ɗan makarantar da bai yi karatu ba.

Ta sunkuya ta janyo jakar daga ƙarƙashin tebur, ta yaye yadin, ta ajiye ta a tsakaninsu. Bargon Janar ya leƙo ta bakin zif.

"Na ce zan tafi da ɗanka, ba zan dawo ba. Ka ce to."

Ya kalli jakar. Ya kalli yaron da ke barci.

Duk da haka ba ta saki jiki ba. An sha ta, ta warke. Ta ce kada ya kawo mata zancen kunne, tana tsaye likita ya ce lafiya lau. Ta ce wanda ya ji maɓalli ya gangara ƙarƙashin kabad ba kurma ba ne. Ta ce ya faɗa mata gaskiya ko da za ta kashe ta, me ke tsakaninsa da bakin mai shago, kuma wace ce ake kashe wa fanka a rufe ƙofa kafin a amsa wayarta.

Ya ɗaga hannu. Ba na tsawa ba, na roƙo.

"A hankali. Kin yi sauri. Na kama 'likita', na kama 'mai shago', sauran sun wuce ni."



Ya ce ta zauna. Ta ƙi. Ya fara magana yana kallon ƙasa, yana tsintar kalmomin da ƙyar. Ya ce ƙara kam yana ji, babu wadda ba ya ji, har ma ta yi masa yawa. Tun ranar nakiyar akwai wani siririn kuka da ke cikin kansa, ba ya tsayawa ko a barci. Amma ba shi ne matsalar ba. Matsalar magana ce. In wuri shiru, mutum ɗaya na magana a hankali, yana kamawa. Da zarar fanka ta shigo, ko famfo, ko mutum na biyu, sai komai ya cakuɗe.

"Kin san in kika zubar da akwatin maɓallanki? Duka suna nan a ƙasa, ina ganinsu, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma ki ce in ɗauko miki na rigar nan yanzu-yanzu. Haka maganarki take zuwa mini. Ina jin muryarki, na san ke ce, na san ko fushi kike ko wasa. Abin da kika ce ne ban sani ba."

Ta ce to gwajin asibitin fa.

Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce ɗakin nan ai ko numfashinka kana ji. Ƙara ɗaya tak, babu wadda ta taka ta. Wa ke rayuwa a irin wannan ɗakin? Ya so ya faɗa wa likitan, amma mutumin ya riga ya ce a gode wa Allah, ita ma ta ɗaga hannu tana hamdala, sai ya ji in ya ƙara magana za a ce raki ne, ko kuwa tsoron komawa daga yake.

Batun mai shago kuwa, ya rufe fuska da tafin hannu ya ce innalillahi. Ya ce ba ita kaɗai ba ce. Bakin mai gadi yake kallo, bakin mai nama, bakin ogansa. In ya ga leɓe yana motsi sai ya haɗa da abin da ya ji, ya ɗinke. Gani ya kori ji, shi a kansa karin maganar ta ƙare. Waya kuma babu leɓe a cikinta, shi ya sa yake neman inda ya fi ko'ina shiru.

"Duk garin nan," ya ce, "ke ce na fi kasa ji."

Ta ji maganar kamar mari. "Ni?"

"Kin ba ni baya. Keke yana kuka. Ga fil a bakinki."

Ta juya ta kalli kujerarta, yadda ta fuskanci bango. Ta kalli matashin fil. Tun suna amarci haka take hira da shi, kai a sunkuye, baki a cike, shi yana amsawa daga baya. Ba ta taɓa canzawa ba. Ba ta san akwai abin canzawa ba.

Ta zauna a hannun kujera kusa da kan Janar. Amma tausayi bai kore ɗayan abin ba. Ta ɗora hannu a bayan yaron, ta fuskanci mijinta sosai, ta tambaye shi a hankali, shekaranjiya me ya ji.

Ya ce ya ji "ƙofa," ya ji "Janar." Ya ɗauka cewa ta yi ta rufe ƙofa, Janar yana wurinta.

"Ka ɗauka."

Ta ƙura masa ido.

"Ka yi canke da ran ɗana, Baban Janar. Kalma uku ce. 'Ban ji ba.' Me ya fi wannan sauƙi?"

Ya ce da farko ai yana faɗa. Sau nawa mutum zai ce "me kika ce" a yini kafin a fara yi masa kallon wawa? A sito har suna suka sa masa, Saje Maimaita. Ita ma akwai ranar da ta ce masa ta gaji, sai ka ce da bango take magana. Daga ranar ya gano "to" tana kashe kowace magana. Ba wanda ke sake tambayarka in ka ce to.

Ta tuna ranar. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba yanzu ba. Ta ce kuma da dangi suka taso mata, ya bar ta a rana saboda me?

Nan ya faɗi ta cikin. Ya ce shi aikinsa rediyo ne. A bakin daga shi ke karɓar umarni ya isar. Sojan rediyon da ba ya rarrabe magana in akwai ƙara, me sunansa? Ranar da aka sani, ranar za a cire masa kaki. Gidan nan na bariki ne, su tattara su fita. Kuma Manjo, mijin yayarsa, shi ya tsaya masa aka bar shi a sito, shi ke ta faɗi-tashi a mayar da shi kan aikinsa. In ya ce wa dangi bai ji ba, kafin la'asar Yaya ta sani, kafin magariba Manjo ya sani.

Maman Janar ta ci gaba da shafa bayan yaron. Ita ba ta iya dogon kuka ba, lissafi ta iya. Ta ce gida ana sake wani, kekenta zai iya biyan haya ko ɗaki ɗaya ne. Ɗa ne ba a sakewa. Ta ce kuma ya tuna, waɗanda zai je ya ce wa "to" a rediyo, su ma 'ya'yan wasu ne, uwayensu na can suna jira.

Sannan ta shimfiɗa masa sharaɗinta. Za ta juya teburin ya fuskanci ɗaki. Ba za ta ƙara yi masa magana da fil a baki ba. Za su koma asibiti, wannan karon ita za ta yi bayani, a gwada shi da ƙara a kunne ba a ɗakin shiru ba. Shi kuma kalmar nan ta fita daga bakinsa. In bai ji ba ya ce bai ji ba, ko sau ɗari ne. In ta sake jin "to" ɗin ƙarya a kan abin da ya shafi Janar, jakar nan ba za ta tsaya gwaji ba.

Ya ce ya ji. Ta ce ya maimaita mata abin da ya ji. Ya maimaita, bai bar ko ɗaya ba. Sai asibitin ne ya roƙa a ɗan jinkirta, ya samu yadda zai ɓullo wa Manjo.

Ta miƙa hannu za ta buɗe jakar ta mayar da kayan, sai wani tunani ya tsayar da ita. Ta ɗago tana kallonsa, irin kallon da take wa yadin da aka ce mata ba ya zuba.

"Ban da ni, wa kuma ka ce wa to?"

Ya ce mutane da yawa, amma ba wani abu ba ne, gaisuwa ce da 'yan aike-aike.

"A kan Janar nake nufi."

Ya buɗe baki zai ce babu. Sai ta ga fuskarsa ta canza.

Ya ce jiya Yaya ta kira shi yana sito, ana sauke kaya, motoci a kunne, babu inda zai ɓuya. Ta san Yaya in ta fara, kamar an buɗe famfo. Ta daɗe tana magana, muryarta a sama. Ya kama "Janar," ya kama "gobe," ya kama "Manjo." Ya ɗauka cewa take za su zo duba yaron, su yi masa jaje.

"Ka ɗauka," ta sake cewa. "Sai ka ce me?"

Bai kai ga amsawa ba aka danna hon a waje.

Janar ya motsa, ya fara ƙananan kuka. Ta ɗauke shi ta rungume. Aka buga ƙofa, bugun wanda ya san ba za a hana shi shiga ba. Saje ya je ya buɗe.

Yaya ce, da gilashinta da ƙamshin turarenta, tana taunar cingam. Ta shigo tana fifita da gefen mayafi, tana mitar yadda suke zaune a rufe kamar masu gasa kansu, ta kai hannu ta kunna fankar da kanta. Bayanta Manjo ne cikin kaki, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba waya. Motarsu na can a kunne. Saje ya ƙame ya sara masa.

Maman Janar ta durƙusa ta gaishe su, yaron a ƙirjinta. Yaya ta amsa a daƙile, idonta yana yawo a ɗakin, kan keken, kan tarin yadi. Sai ya sauka a kan jakar da ke tsakar ɗaki, bargon yana leƙowa.

Fuskarta ta saki.

"Au, har kin haɗa masa? Madalla. Na ɗauka sai mun kai ruwa rana."

Ta sunkuya ta ɗauki jakar ta rataya. Tana gyara madaurin, fuskarta wajen taga, ta ci gaba da zubo magana. Wai ba don mugunta ba ne, amma jininsu ba zai ƙare a ƙarƙashin taya ba. Yaron zai zauna wurinta, ga fili ga masu kula, har uwarsa ta zaɓa tsakanin keke da ɗa. In ta yi hankali a duba. Ta riga ta gama magana da ubansa jiya, ta faɗa masa komai dalla-dalla, bai musa ba.

"Miƙo shi, rana na yi."

Maman Janar ta ƙara matse yaron har ya yi ƙara. Ta kalli mijinta.

Yana tsaye, wuyansa a miƙe, idonsa yana bin gefen fuskar Yaya, yana neman leɓen da ke taunar cingam yana kallon taga. Fanka na kuka a sama, mota na kuka a waje, Janar na kuka a tsakiya. A fuskarsa ta ga murmushin nan ya fara tahowa.

Bai san abin da ake yi ba. A gabansa ake ɗauke masa ɗa, yana shirin cewa to.

Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke kanta. In ta ce ba ya ji, a gaban Manjo, shi ke nan. Ta ji kalmar ta zo har kan harshenta. Ta haɗiye.

Ta taka ta ratsa tsakaninsa da Yaya, ta tsaya daf da shi yadda ba abin da zai gani sai fuskarta. Ta buɗe baki sosai, ta ajiye kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Ta zo tafiya da Janar. Ya zauna wurinta. Ta ce jiya ka ce to."

Murmushin ya mutu.

Yaya ta ce wannan wane irin iyayi ne, ana magana tana wani karanta masa kamar ɗan yaye. Saje bai kalle ta ba. Ya kalli yaron, ya kalli jakar a kafaɗar yayarsa, ya kalli kakin da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya daɗe a kan kakin.

Sannan ya taka zuwa bango, ya kashe fankar.

Ɗakin ya yi tsit, sai shessheƙar Janar.

"Yaya, ajiye jakar nan," ya ce. "Abin da kika faɗa jiya a waya, ban ji ko ɗaya ba. Na daɗe ba na ji."

Cingam ɗin ya tsaya a bakin Yaya.

A bakin ƙofa, Manjo ya ɗago daga wayarsa. Ya sa ta a aljihu a hankali, ya tako cikin ɗakin, ya turo ƙofar da bayansa.

"Saje," ya ce. "Me ka ce?"